Ci Gaba da Ɓoyayyen Farashinsa a Cikin Labaran Bincike na Ingilishi

Manufar wannan maƙala ita ce duba wani reshe na ƙagaggun labarai wanda masu nazarin adabi suka daɗe suna yi wa kallon abin ɗebe kewa kawai, wato labaran binciken laifi irin waɗanda aka rubuta da Ingilishi tun daga 1841 har zuwa wajejen 1960. Zubin irin wannan labari sananne ne: a aikata laifi a ɓoye, jami'an hukuma su rasa inda za su kama, sa'an nan wani mai kaifin basira ya bi sawu, ya ƙulla wannan alama da waccan, har ya fito da mai laifi fili. Tambayar da za mu sa a gaba ita ce, shin abin da ake kira ci gaba yana tafe da wani farashi wanda ba a gani sai daga baya, kuma idan haka ne, wa yake biya? Mun zaɓi waɗannan labarai domin kuwa sana'arsu ke nan, tono abin da aka binne, kuma an haife su a daidai lokacin da Ingila take alfahari da cewa ba ƙasar da ta kai ta masana'antu da jiragen ƙasa da jiragen ruwa.

Galibin masana sun yarda cewa labarin Edgar Allan Poe mai suna The Murders in the Rue Morgue, wanda ya fito a Amurka a 1841, shi ne ya kafa wannan zubi. Ba banza ba ne ya zo a wannan lokaci. A 1801 mutanen Landan ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, amma kafin 1901 sun haura miliyan shida. Ƙidayar 1851 ta nuna cewa, a karo na farko, mazauna birane a Ingila sun rinjayi mazauna karkara. Mai karatu zai iya kwatanta wannan da tsarin garuruwanmu na dā, inda baƙo ba ya kwana sai yana da mai masauki, mai masauki kuwa mai unguwa ya san shi. A inda aka san kowa da uwarsa da ubansa, mai bincike ba shi da aikin yi, domin in akuya ta ɓata da safe, kafin azahar an san gidan da ya kamata a leƙa. Sai da mutane suka taru a wuri ɗaya ba tare da sanin juna ba, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, sa'an nan aka bukaci wanda zai karanta mutum daga takalminsa da bakin hannun rigarsa. Shi ya sa aka kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, aka kuma ware mata sashen 'yan sandan ciki a 1842 da mutum takwas kacal. Ashe ke nan shi kansa tauraron labarin, ko Dupin ne ko Sherlock Holmes, alama ce ta wata asara da aka riga aka yi, wato asarar sanin juna.

Jirgin ƙasa da wayar tangaraho su ne suka fara nuna cewa kayan zamani kaifi biyu gare su, kuma sun nuna haka a zahiri tun kafin marubuta su ɗauka. Ran 1 ga Janairu 1845 wani mai suna John Tawell ya ba wata mata guba kusa da garin Slough, ya hau jirgi zuwa Landan, yana ganin ya tsere. Sai aka buga waya ta riga shi isa tashar Paddington da bayanin kamanninsa da irin tufafinsa. A Yulin 1864 kuma aka kashe wani dattijon akawun banki, Thomas Briggs, a cikin tarago, aka jefar da shi a kan layin dogo. Wannan shi ne kisan kai na farko da aka yi a cikin jirgin ƙasa a Ingila, kuma tsarin taragon ne ya ba da dama, domin a lokacin kowane ɗaki a rufe yake, babu hanyar ratsawa zuwa na kusa, babu kuma yadda fasinja zai kira ma'aikacin jirgi. Wanda ake zargi, wani tela Bajamushe mai suna Franz Müller, ya gudu Amurka a jirgin ruwa mai tafiya da iska, 'yan sanda suka bi shi a jirgi mai tururi, suka isa New York kusan mako uku kafin ya iso, suka zauna suna jiransa. Sai a 1868 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin jiragen ƙasa su samar da hanyar da fasinja zai sanar da ma'aikata idan yana cikin haɗari. A lura da jerin abubuwan: an kawo sabon abu, an ci moriyarsa shekaru talatin, wani ya rasa ransa, sa'an nan doka ta biyo baya.

Haka batun guba yake, wanda shi ne makamin da marubutan wannan fanni suka fi so. Farin garin nan da ake kira asinik ragowar narkar da tagulla da kuza ne, don haka da ma'adinan Cornwall da Devon suka bunƙasa sai ya yi araha, ana sayar da shi a kowane kanti don kashe ɓeraye da ƙudaje, ana kuma haɗa koren launi da shi na takardar ado da ake liƙawa a bangon ɗaki. Ba shi da wani ɗanɗano da zai fallasa shi, kuma alamunsa sun yi kama da na cutar amai da gudawa. A 1836 James Marsh ya fito da hanyar gano shi a jikin mamaci, a 1851 kuma aka yi dokar da ta ce a rubuta sunan mai saye, a kuma gauraya garin da kunkunniya ko shuni don kada a ɗauke shi fulawa. Duk da haka a 1858, a garin Bradford, aka yi kuskuren zuba shi a cikin alewa, mutum kimanin 20 suka mutu, fiye da 200 suka kwanta. Inshorar rai kuwa, wadda aka ƙirƙiro don kada iyali su tagayyara bayan mutuwar mai gida, ita ta sa wa ran mutum kuɗi a takarda. Likita William Palmer, wanda aka rataye a 1856, ya yi wa matarsa inshora ta fam 13,000, ya kuwa karɓi kuɗin bayan ta mutu ba da daɗewa ba. Agatha Christie ta san wannan duniya daga ciki, domin ta yi aikin haɗa magani a asibiti a Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, na 1920, gubar da ta kashe tsohuwar gidan tana cikin maganin ƙarin ƙarfin da likita ya rubuta mata.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya a kan labari guda, domin a ganinmu babu wanda ya tattara wannan jigo kamar The Speckled Band na Arthur Conan Doyle, wanda ya fito a 1892. Yawancin masu karatu abin da suke tunawa shi ne macijin da yake saukowa ta igiya cikin dare. Amma a dubi yadda aka gina gidan da abin ya faru. Likita Grimesby Roylott ɗan tsohon gidan masu ƙasa ne wanda kakanni suka cinye dukiyarsa da almubazzaranci da caca. Ya tafi Kalkata neman arziki, ya doki baransa ɗan Indiya har ya mutu, ya yi zaman kurkuku, ya komo gida da zafin rai da namun daji na can. Matarsa ta mutu a haɗarin jirgin ƙasa kusa da Crewe, ta bar masa agololi biyu mata, da wasiyyar cewa duk wadda ta yi aure za a riƙa ba ta rabonta kowace shekara. Holmes ya je ya duba wasiyyar, ya yi lissafi: dukiyar da take kawo kusan fam 1,100 a shekara lokacin rasuwar matar ta koma ba ta wuce fam 750 ba, saboda faɗuwar farashin amfanin gona, kuma kowace yarinya tana da haƙƙin fam 250 idan ta yi aure. In duka biyun suka yi aure, kashi ɗaya cikin uku ne kawai zai rage wa likitan. Dalilin kisan ke nan.

Doyle ya ambaci faɗuwar farashin a jimla guda ya wuce, amma bayanta akwai babban al'amari. Tun daga wajen 1875 layukan dogo suka buɗe filayen noma na Amurka, jiragen ruwa masu tururi suka riƙa sauke alkama mai araha a tashoshin Ingila, kuma tun 1846 aka soke dokokin da suke kare manoman ƙasar daga hatsin waje. Kafin 1894 kuɗin alkama ya faɗi ƙasa da rabin yadda yake shekaru ashirin da suka gabata. Ga ma'aikacin masaƙa a Manchester wannan alheri ne, burodi ya yi sauƙi. Ga masu gonaki da 'yan ƙwadagonsu kuwa karayar arziki ce. A cikin labarin, arhar burodin nan ta bi ta hannaye da yawa har ta ƙare a kan wata yarinya, Julia Stoner, wadda ta mutu saura mako biyu a ɗaura mata aure. Ba muna cewa alkamar Amurka ce ta kashe ta ba, likitan mugu ne tun asali. Abin da muke nunawa shi ne jirgin ƙasa ya ɗauke uwar, jirgin ruwa ya rage dukiyar, mulkin mallaka ya samar da macijin, ilmin likita ya zaɓi dafin da bincike ba zai gano ba. Hatta kayan da aka yi kisan da su an sa su ne da sunan gyaran gida: tagar shan iska wadda take buɗewa cikin wani ɗaki maimakon waje, da igiyar ƙararrawa wadda ba a haɗa ta da kowace ƙararrawa ba. Holmes kuma, kada mu manta, jirgin ƙasa ne ya kai shi daga tashar Waterloo a kan kari, har ya ceci ta biyun.

Macijin Roylott ya kai mu ga farashin da aka biya a nesa, inda mai karatu na Landan ba ya gani. Littafin Wilkie Collins, The Moonstone, na 1868, wanda da yawa suke ɗauka shi ne cikakken littafin bincike na farko da Ingilishi, ya fara ne da wawashe birnin Seringapatam na Indiya a 1799, inda wani hafsan Ingila ya zub da jini ya ɗauke wani lu'ulu'u da asalinsa na wurin bauta ne. Bayan shekaru kusan hamsin aka ba wata budurwa, Rachel Verinder, dutsen a matsayin gado ranar da ta cika shekara 18, a daren kuma ya ɓata. Kowa ya zargi Indiyawa uku da aka gani suna kewaya gidan, aka zargi wata baranya mai tsohon laifi. Ashe saurayin yarinyar ne ya ɗauka ba cikin hayyacinsa ba, bayan an sa masa ruwan ofiyom a abin sha, wanda ya karɓe daga hannunsa ya ɓoye kuwa wani mutumin kirki ne a idon jama'a, jagoran ƙungiyoyin agaji, wanda ya ci amanar dukiyar da aka ba shi riƙo. Collins ya rubuta wannan shekara goma sha ɗaya bayan boren Indiya na 1857, lokacin da jaridun Ingila suke cike da ƙiyayyar Indiyawa, amma ya ƙare littafin da komawar dutsen inda aka ɗauko shi. Satar da 'yan sanda suka zo bincike ita ce ta biyu, ta farkon ba wanda ya kai ƙara. Ofiyom ɗin ma daga irin wannan ciniki ya fito, domin a kansa Ingila ta yaƙi Sin sau biyu, daga 1839 zuwa 1842, da kuma daga 1856 zuwa 1860, shi kansa Collins kuwa ya kamu da shansa saboda ciwon gaɓoɓi.

Doyle bai kai Collins adalci ba a wannan fage. A The Sign of Four, na 1890, dukiyar da ake kashe-kashe a kanta an sace ta ne a ganuwar Agra lokacin boren 1857, ta bi ta gidan yarin tsibiran Andaman, ta ƙare a ƙarƙashin kogin Thames ba wanda ya mora. Har nan labarin ya yarda cewa arzikin da aka kwaso daga can da jini a jikinsa. Sai dai ya ɗora mafi munin kamanni a kan Tonga, ɗan asalin tsibiran, wanda aka siffanta kamar dabba aka kuma harbe shi ba tare da ya furta kalma ɗaya ba. A tarihi kuwa, mutanen manyan tsibiran Andaman su ne suka biya farashin gidan yarin da aka kafa musu a 1858: cututtukan da baƙi suka kawo sun rage su daga dubbai zuwa 'yan gomomi kafin shekara ɗari ta cika. A wannan littafin ne kuma muka ga Holmes yana yi wa kansa allurar koken, wanda a lokacin sabon abin al'ajabi ne a wurin likitoci, tun da aka gano a 1884 cewa yana kashe zafi wajen aikin ido.

Wannan ya kawo mu ga wani rauni da yake cikin zubin labaran kansu. Dokar fannin ita ce a ƙarshe a nuna mutum ɗaya da yatsa. Da an kama shi sai hankalin mai karatu ya kwanta, kamar dai cutar ta fita daga jikin al'umma. To amma akwai ɓarnar da ba ta da mutum ɗaya. A The Valley of Fear, na 1915, Doyle ya ɗauko tarihin mahaƙan kwal 'yan asalin Ailan a jihar Pennsylvania, waɗanda ake kira Molly Maguires, ya mai da su ƙungiyar 'yan ta'adda zalla, ya mai da ɗan leƙen asirin kamfanin Pinkerton jarumi. Abin da bai faɗa ba shi ne Franklin Gowen, shugaban kamfanin jirgin ƙasa da ya mallaki ramukan kwal, shi ya ɗauki hayar masu leƙen asirin, 'yan sandan kamfani suka yi kamen, shi kuma ya tsaya a kotu a matsayin mai gabatar da ƙara. An rataye mutum 20 tsakanin 1877 da 1879, goma daga cikinsu a rana ɗaya. Waɗanda rami ya rufta da su, ko ƙurar kwal ta cinye musu huhu, ba su da wurin zama a labari irin wannan, domin babu sawun da za a bi. Haka nan hazon Landan, wanda masu karatu suke jin daɗinsa a matsayin ado na labaran Holmes, hayaƙin kwal ne, kuma ya fi dukkan miyagun da ke cikin littattafan kisa. A Disamban 1952 kaɗai ƙididdigar farko ta nuna ya hallaka mutum kimanin 4,000 cikin 'yan kwanaki, sai a 1956 aka yi dokar tsabtace iska.

Kada kuma a ɗauka waɗannan marubuta suna kiran a koma jiya ne, ko suna ganin duk abin da aka samu ci gaban mai haƙar rijiya ne. A The Copper Beeches, na 1892, Holmes yana cikin jirgi yana kallon gidajen gona masu kyau, Watson yana yaba su, shi kuwa ya nuna cewa sun fi ba shi tsoro a kan lungunan Landan, domin a birni kukan yaro yana isa kunnen maƙwabta, ofishin 'yan sanda kuma yana kusa, alhali a karkara ana iya shekara da shekaru ana zalunci ba wanda ya ji. Tsohon tsari ma yana da nasa ɓoyayyen farashi, mata da yara da barori ne suka fi biyansa. Christie ta ga ɓangarorin biyu. A A Murder Is Announced, na 1950, Miss Marple ta lura cewa bayan yaƙi ƙauyen Ingila ya cika da mutanen da ba wanda ya san asalinsu, kowa abin da ya faɗa game da kansa shi ake ɗauka, kuma a kan wannan gaba ɗayan makircin ya tsaya. Amma ita ce kuma ta bayyana alamun gubar taliyom dalla-dalla a The Pale Horse, na 1961, har a 1977 wata ma'aikaciyar jinya a Landan da take karanta littafin ta gane ciwon wata jaririya da aka kawo daga Ƙatar, wanda ya gagari likitoci, aka ceci ranta.

Saura kayan aikin mai binciken kansa, wanda mu ma ya shafe mu kai tsaye. Dangwala yatsa a takarda ba a Landan aka fara shi a matsayin tsarin hukuma ba. A 1858 wani jami'in mulkin mallaka a Bengal, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a kan yarjejeniya don kada ya musa daga baya. A Kalkata aka buɗe ofishin zanen yatsa a 1897, ƙarƙashin Edward Henry, kuma 'yan sanda biyu 'yan ƙasar, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su suka yi babban aikin tsara hanyar rarraba zanen, ko da yake sunan Henry tsarin ya ɗauka. Sai a 1901 Scotland Yard ta karɓa. Wato dabarar da aka ƙera don mai mulki ya bambance talakawan da ba ya iya bambance fuskokinsu, ita ce ta komo gida aka yi amfani da ita a kan Turawan kansu, ita ce kuma yau muke miƙa wa yatsunmu a banki da wurin rajistar zaɓe da ofishin katin ɗan ƙasa.

Shekara biyu kacal bayan Scotland Yard ta buɗe nata ofishin, Doyle ya fitar da The Norwood Builder, a 1903. Wani magini mai suna Jonas Oldacre, wanda bashi ya yi wa katutu, yake kuma riƙe da tsohuwar ƙullatar wata mata da ta ƙi aurensa, ya shirya mutuwar ƙarya don a rataye ɗanta, wani matashin lauya. Ya sa saurayin ya danna babban yatsansa a kan dankon da aka liƙe ambulan da shi, daga baya ya kwafi zanen, ya shafa jini, ya buga a bango. Sufeto Lestrade ya ga zanen ya yi murna, domin ilmin zamani ya tabbatar cewa ba yatsu biyu da suke daidai, kuma zanen na saurayin ne ba shakka. Abin da ya kuɓutar da lauyan shi ne Holmes ya riga ya dudduba wannan bango jiya, ya kuma tuna cewa babu komai a kansa. Sai ya auna tsawon barandar bene, ya ga ta gaza ta ƙasa da ƙafa shida, ya sa aka kawo ciyawa aka cinna mata wuta, aka yi ihun gobara, mamacin ya fito da gudu daga bayan bangon da ya gina wa kansa.